Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Littattafai Biyu Kan Ciwon Daji a Idon Ɗan Tamale

Wata Laraba da dare, muna tsakiyar shirin lafiya da nake gabatarwa da Hausa, wani dattijo ya bugo waya daga Aboabo. Likitan da na gayyata ya gama bayani ke nan cewa ciwon daji na nono yakan bi jini a wasu gidaje. Dattijon ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, tambayata ɗaya ce. Su waɗanda suka gano wannan abu, jinin wa suka duba? Namu ko nasu?" Likita ya ce ai bincike ne na duniya baki ɗaya. Ni kuma na ɗaga kai na ga agogo, na ce, "Baba mun gode," na sa talla. Tallar kuwa ta wani mai magani ce da ke rantsuwa yana warkar da daji a kwana arba'in.

Na koma gida da kunyar abu biyu: ban bari an amsa wa dattijo tambayarsa ba, kuma ni kaina ba ni da amsar. Wannan ce ta mayar da ni ga littattafai biyu da suka daɗe a kan kantata, duka an buga su a Amurka a shekarar 2010. Na farko shi ne The Emperor of All Maladies na Siddhartha Mukherjee, likitan daji haifaffen Indiya, wanda ya ci lambar Pulitzer a 2011. Na biyu shi ne The Immortal Life of Henrietta Lacks na 'yar jarida Rebecca Skloot. Na sake karanta su da tambayar dattijon a kunnena, kuma abin da na gani shi ne nake so mu tattauna.

Littafin Mukherjee

Mukherjee ya ɗauki ciwon daji kamar mutum, ya rubuta tarihin rayuwarsa a shafi sama da 500. Ya faro daga tsohuwar takardar likitancin Masar da ta siffanta kumburin nono, ya bi ta kan likitocin fiɗa da suke yanke nono har da naman ƙirji, ya iso Boston ta 1947 inda Sidney Farber ya fara gwada magani a kan yara masu dajin jini, ya kawo mu 1971 lokacin da Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar yaƙi da daji. Gwanintarsa ita ce ba ya ɓoye kuskuren likitoci. Yana nuna maka mutane masu basira da kyakkyawar niyya suna azabtar da marasa lafiya shekara da shekaru saboda sun riƙe fahimtar da ba daidai ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi a wurina shi ne kashinsa na ƙarshe, inda ya bayyana yadda aka gane asalin ciwon. Bari in faɗa da bakina. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu mai haruffa iri huɗu kacal, tsawonsa wajen harafi biliyan 3. Wannan rubutu shi ne kundin gado, wanda muka karɓo rabi daga uwa, rabi daga uba. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe kundin. Wanda ya taɓa zama a zaure yana kwafar littafi da tawada ya san tuntuɓen alƙalami ba ya ƙarewa. Yawancin tuntuɓen ba ya cutarwa. Amma idan ya faɗa a kan layin da ke umartar ƙwaya ta daina hayayyafa, ko ya maƙale layin da ke cewa ta ci gaba, sai ta yi ta ninkuwa babu birki. Ciwon daji ke nan. Hayaƙin taba, wasu ƙwayoyin cuta da wasu gubobi suna ƙara yawan tuntuɓen, wani kuma ana haihuwarsa da kuskure ɗaya tun daga gida.

Mukherjee ya nuna amfanin wannan fahimta da misalai. A 1960 aka ga wata 'yar alama a ƙwayoyin masu wani nau'in dajin jini a Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa sassa biyu ne na kundin suka yi musayar wuri. A 2001 aka amince da Gleevec, ƙwayar magani da ke toshe ainihin abin da wannan musaya ke haifarwa, ciwon da ke kisa cikin 'yan shekaru ya koma wanda ake rayuwa da shi. Haka labarin Herceptin na 1998, wanda ke aiki a kan wani rukuni na dajin nono. Shekara arba'in tsakanin gani da magani, amma an kai.

Abin da ya biyo bayan littafin

Littafin ya tsaya ne a daidai lokacin da aka fara karanta kundin ƙwayoyin daji da yawa-yawa. Don mu yi masa adalci, sai mu san abin da ya faru a wannan fage, domin nan ne tambayar dattijo ta fi ciwo.

Aikin karanta kundin gadon ɗan Adam ya faro a 1990, aka kammala a 2003. A tsakiyarsa, a watan Fabrairun 1996, masu aikin sun haɗu a tsibirin Bamuda suka ɗauki wani alƙawari da ya sauya kimiyya: duk abin da aka karanta, za a zuba shi a rumbun da kowa ke iya shiga cikin awa 24. Ba a jira a buga takarda, ba a jira a yi rajistar mallaka. Da wani kamfani mai zaman kansa ya shigo tseren a 1998, wannan alƙawari ne ya tabbatar da cewa kundin bai zama kayan wani shago ba. A 2013 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar kamfanin Myriad kan ƙwayoyin gado na BRCA, cewa ba a mallakar abin da Allah ya halitta a jikin mutum.

Da aka sami kundin mai lafiya a fili, sai ya zama ma'auni. Ka ɗauko ƙwayar daji, ka karanta, ka gwama, ka ga inda alƙalami ya yi tuntuɓe. Da haka ne masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano a 2002 cewa fiye da rabin wani mugun dajin fata yana ɗauke da kuskure a wuri guda mai suna BRAF, kuma zuwa 2011 an sami maganinsa. Shekara tara a maimakon arba'in. A 2006 Amurka ta fara shirin TCGA, wanda zuwa 2018 ya tattara bayanan marasa lafiya wajen 11,000 a nau'in daji 33, ya buɗe wa masu bincike na ko'ina. Daga wannan rumbu da ire-irensa aka tabbatar da cewa abin da muke kira dajin nono cututtuka ne daban-daban masu suna ɗaya, kuma wani dajin nono ya fi kama da dajin ƙwan mace fiye da ɗan'uwansa na nono. Likita ya daina tambayar "a ina yake" kawai, ya ƙara da "wane kuskure ne ke tuƙa shi".

Ban zo in rage wa wannan aiki daraja ba. Ɗalibi a Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke nan Tamale, in yana da kwamfuta da intanet, zai iya buɗe mafi yawan waɗannan bayanai yau ba tare da ya biya ko pesewa ba. An haƙa rijiya, an ce kowa ya sha. Tambayar ita ce ruwan wane ƙasa ne a ciki, kuma wa ke da guga.

A 2016 wasu masu bincike sun duba samfura sama da 5,000 na TCGA, suka tarar kashi 77 cikin ɗari na fararen fata ne, kashi 12 na baƙaƙe, su ma galibi baƙaƙen Amurka. A wani babban rumbun da ake kira 1000 Genomes, al'ummomi biyar ne aka ɗauko daga cikin nahiyar Afirka: Yarabawan Ibadan, Esan na Najeriya, Mende na Saliyo, mutanen yammacin Gambiya da Luhya na Kenya. Babu Bahaushe, babu Badagwambe. Alhali masana sun yarda cewa babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin gado, domin daga nan ɗan Adam ya bazu. A 2020 shirin H3Africa ya karanta kundin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya sami bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan rashi yana da farashi. Idan aka gwada jinin mace 'yar Afirka, ya fi sauƙi a ga wani bambanci da babu wanda ya san ko cuta ne ko kuwa halittar danginta ce kawai, saboda ba a ga irinsa da yawa a rumbu ba. Maganin BRAF da na ambata ya fi amfanar dajin fatar da rana ke jawo wa Turawa; wanda ya fi kama mu yakan fito ne a tafin ƙafa, kuma ba kasafai yake ɗauke da wannan kuskuren ba. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa ana haihuwarsu da ƙarancin wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, lafiyarsu ƙalau, amma in aka auna su da ma'aunin Turawa sai a ga kamar ba za su jure allurar daji ba. Saboda haka amsar dattijo, a gaskiya, ita ce: Baba, galibi nasu aka duba.

Inda na saɓa da Mukherjee

A littafin, Afirka takan leƙo ne jefi-jefi: tsohuwar Masar a farko, ɗan taƙaitaccen labarin Denis Burkitt a Yuganda, sai badaƙalar Werner Bezwoda, likitan Johannesburg da aka kama ya ƙirƙiri sakamakon gwajin da ya yi a kan mata masu dajin nono. Wato ko dai mu ne tarihin da ya shuɗe, ko fagen abin mamaki, ko wurin da aka yi maguɗi. Marubucin da ya ce zai rubuta tarihin rayuwar daji, ya rubuta rayuwarsa ce a Boston da New York.

Wani zai ce ai can aka yi aikin. To, a duba dajin Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Burkitt ya siffanta shi a 1958 a Kampala. Daga naman yaran Yuganda aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a Landan a 1964, ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da daji a jikin mutum. A 1982 aka gano cewa a wannan ciwo wani sashe na kundin mai suna MYC ne ke tashi daga mazauninsa ya koma wani wuri, kuma MYC ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ilimin daji gaba ɗaya. A nan Ghana ma, asibitin Korle Bu ya ɗauki shekaru yana aikin bincike kan wannan ciwo tare da cibiyar daji ta Amurka, kuma Farfesa Francis Nkrumah, likitan yara kuma ɗan shugaban ƙasa na farko, yana cikin jagororinsa. Jikin yaranmu yana cikin tubalin wannan gini tun daga tushe.

Ko a duba hanta. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna, daga nan aka gano gubar afalatoksin. A 1991 aka gano cewa wannan guba tana barin sa hannunta a wuri guda tak a kundin ƙwayoyin hanta, a kan layin TP53 mai tsaron ƙwaya, kuma a jikin marasa lafiya na kudancin Afirka da Sin aka fara ganin haka. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin daji yakan ninka sosai. Wannan labari ne na rumbunmu: gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba. Ghana ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar jarirai tun 2002, amma duk wanda aka haifa kafin nan, irina, sai ya je ya nemi gwaji da kansa. Da Mukherjee ya ba wannan babi rabin shafukan da ya ba siyasar Washington, da littafinsa ya zama namu.

Littafin Skloot

Skloot ta shigo ta ƙofar da Mukherjee ya wuce. Henrietta Lacks baƙar fata ce, uwar 'ya'ya biyar, ta rasu a asibitin Johns Hopkins na Baltimore a watan Oktoban 1951 tana da shekara 31, da dajin bakin mahaifa. An yanki ɗan naman ciwon ba tare da an tambaye ta ba, aka ba wani mai bincike, George Gey. Ƙwayoyin suka ƙi mutuwa a kwalba, suka yi ta ninkuwa har yau. Da su aka gwada rigakafin shan inna, da su aka yi dubban bincike, kamfanoni suka yi ta sayar da su. Iyalinta ba su sani ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, kuma wasunsu ba su da ko inshorar lafiya.

Skloot ta shafe wajen shekara goma tana bin wannan labari, kuma ƙarfinta shi ne haƙurin sauraro. A matsayina na mai aikin rediyo, abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta bar 'yar marigayiyar, Deborah, ta yi magana da harshenta, da tsoronta, da imaninta, ba ta gyara mata baki ba. Rauninta kuma shi ne ta cika shiga hoton. A kashi na ƙarshe sai ka rasa ko labarin Henrietta kake karantawa ko labarin yadda wata Baturiya ta sami amincewar iyalin. Ɗan jarida ya san wannan jarrabawa: ka je ɗauko muryar wani, ka dawo da taka.

Abin da ya faru bayan littafin ya fi littafin koyarwa. A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka karanta kundin ƙwayoyin Henrietta suka zuba a intanet, bisa al'adar nan ta Bamuda, ba su tambayi kowa ba. Suka manta cewa kundin uwa yana tona na 'ya'ya da jikoki. Iyalin suka koka, aka janye, kuma a watan Agustan shekarar hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da su: duk mai son bayanan sai ya nema, kuma 'yan gidan suna cikin kwamitin da ke duba buƙatar. A 2023 iyalin suka sasanta da kamfanin Thermo Fisher bayan sun kai shi kotu. Darasin shi ne bayani yana iya zama a buɗe kuma mai shi yana da bakin magana.

Mu ma muna da namu. A 1963 a Ibadan, wani likita Bature, Pulvertaft, ya raya ƙwayoyin wani yaro ɗan shekara 11 mai dajin Burkitt. Ana kiran su Raji, kuma har gobe ana sayar da su ga ɗakunan bincike a faɗin duniya. A takardar masu sayarwa an taƙaita yaron a layi ɗaya: namiji, baƙi, shekara 11. Yana da uwa, yana da unguwa, wani ya goya shi zuwa asibiti. Wannan littafi ne da ke jiran marubuci ɗan Afirka ta Yamma.

Hatsarin karanta ɗaya a bar ɗaya

Wanda ya karanta Mukherjee kaɗai zai fito yana ganin kimiyya jirgi ce da za ta iso tasharmu in lokaci ya yi, sai mu jira. Wanda ya karanta Skloot kaɗai, musamman a cikinmu, zai fito yana cewa kada ka yarda kowa ya ɗebi jininka. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin yana da inda zai kama. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda aka sa yara wajen 200, 11 suka rasu. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba jita-jitar rigakafin shan inna ƙarfi a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta shigo Ghana. A 2015 kuma an dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe bayan hayaniyar jama'a da ta 'yan majalisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai in muka gudu gaba ɗaya, za a ci gaba da ɗinka magani a kan awon wasu, mu kuma mu sa kwance.

Akwai waɗanda suka nuna hanya ta uku. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Chicago, ta daɗe tana bincike da abokan aikinta na gida kan dajin nono a Najeriya. A 2018 sun ba da rahoton cewa cikin mata 1,136 masu ciwon, kusan ɗaya cikin bakwai tana ɗauke da kuskuren da ta gada, mafi yawa a BRCA1 da BRCA2. Wannan amsa ce kai tsaye ga dattijo: e, a wannan karon namu aka duba, kuma abin yana bin jini a gidajenmu ma. A Ghana an yi babban bincike kan lafiyar nono tsakanin 2013 da 2015 a Korle Bu, Komfo Anokye da asibitin Peace and Love na Kumasi. Binciken da aka yi a Kumasi ya kuma nuna yawan nau'in dajin nonon da ba ya jin maganin sinadarin mata kuma ba ya jin Herceptin. Shirin H3Africa, wanda ya fara ba da kuɗin bincike a 2012, ya sa sharaɗin cewa 'yan Afirka ne za su jagoranta, ya kafa ma'ajiyar samfura a Abuja, Kampala da Johannesburg, ya ba masu tattara bayanai wa'adin su fara amfana kafin a buɗe wa duniya. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, nan arewa da mu, tana cikin wuraren da suka shiga. A Legon akwai cibiyar WACCBIP da ke horar da matasa karatun kundin gado, a Accra kuma Yaw Bediako da abokansa sun kafa kamfanin Yemaachi don tattara bayanan dajin 'yan Afirka.

Amma a lura da taswirar: Accra, Kumasi, Ibadan. Yadda Boston ta yi wa Afirka, haka kudu ke iya yi wa arewa.

Gwaggona

Ban so in sa kaina a ciki ba bayan na zargi Skloot da haka, amma in na yi shiru na ci amanar magana. Ƙanwar mahaifina ta ji ƙullutu a nononta ta ɓoye kusan shekara. Da ta faɗa, sai aka tuna mata maganar da kowa ya sani a zango, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Da muka kai ta asibiti, aka yanki ɗan nama, muka yi makonni muna jiran sakamako. Da ya fito, aka ce akwai wani gwajin da zai nuna irin maganin da ya dace da ita, amma kuɗinsa daban. Sannan aka ce sai an kai ta kudu don gashi da na'ura, domin shekara da shekaru injinan gwamnati a Accra da Kumasi kawai suke. Daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 400 ne, ga masauki, ga abinci, ga mai jinya. Na tuna ta kama hannuna a tasha ta ce, "Ɗana, kada ku sayar da filin nan saboda ni." Allah Ya jiƙanta, ba ta ga azumin da ya biyo ba.

Babu rumbun da ya san da ita. Rajistar masu daji ta Kumasi, wadda aka kafa a 2012, mazauna Kumasi take ƙirgawa. Gwaggo tana da 'ya'ya mata uku, kuma babu wanda ya zaunar da su ya ce musu su riƙa duba kansu da wuri. Ilimin da zai iya tsare su yana nan a buɗe a intanet, kyauta, da Turanci. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da ya rage mana

Ina ganin sharuɗɗanmu ba su da yawa. Duk mai son jininmu ko namanmu don bincike ya yi mana bayani da Hausa ko Dagbani, a baki ba a takarda kawai ba, ya faɗi inda samfurin zai kwana da wanda zai iya buɗe bayanan. Ghana tana da dokar kare bayanan mutum tun 2012, a yi aiki da ita. Ya dawo ya gaya mana abin da ya gano. Ya bar wani abu a ƙasa: na'urar gwaji, ɗalibin da aka horar, rajistar da za ta ƙirga marasa lafiyar arewa. In an cika waɗannan, mu kuma mu miƙa hannu, mu gaya wa iyayenmu cewa shiga bincike na gaskiya sadaka ce ga jikoki.

Mu 'yan rediyo kuma mu fara da kanmu. Ba zai yiwu mu gayyaci likita ƙarfe takwas, mu sayar wa mai warkar da daji a kwana arba'in ƙarfe takwas da rabi ba. Na kai wannan magana gaban shugabannina, an ce kuɗin tallar ne ke biyan wutar lantarki. Gaskiya ne. Amma na san gidan da aka biya da abin da ya fi kuɗi.

Littattafan nan biyu sun cancanci a karanta su, kuma a karanta su tare, Mukherjee don a san yadda aka gane ciwon, Skloot don a san wanda aka taka a hanya. Sun cancanci a fassara su ma. Sai dai ko an fassara, ba za su amsa wa dattijon Aboabo ba, domin ba da shi suke magana ba. Marubutanmu sun rubuta soyayya, sun rubuta kishi, sun rubuta siyasa. Asibiti kuwa a labaranmu wuri ne da ake kai jaruma ta suma ta farfaɗo. Ga yaron Ibadan, ga rumbun gyaɗa, ga matar da ke ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin mayafi.

Na nemi lambar dattijon a littafin masu bugo waya, na kira shi, na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da na samo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗana, in sun zo neman namu, ka sanar a rediyo. Amma ka ce musu su zo da tafinta."